Burtalin da Kawu Ya Yi wa Kekuna

Ranar Alhamis bayan La'asar Inna ta kira ni daga gida. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yayana ya cika." Na yi innalillahi, ita ma ta yi, sannan ta ce da kansa ya yi alwala, ya kishingiɗa a zaure yana jiran kiran salla, da aka je tashinsa aka tarar rai ya yi halinsa.

Kashegari muka zauna karɓar gaisuwa a ɗakin da 'yan garinmu ke haɗuwa duk Juma'a, can wajen unguwar Al-Murabba a Riyad. Na ɗauka mu goma sha wani abu ne za mu yi fatiha, mu sha shayi, mu watse, don shekara biyu ke nan da Kawu ya bar Riyad, kuma garin nan ba ya daɗewa riƙe da sunan wanda ya tafi. Kafin Magariba sai da muka buɗe ƙofa aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Mota biyu suka cika tun daga arewacin gari: masu shara, masu gadi, masu ban ruwa, Bangali da Sudani da mutanen Maradi. Wani Bangali mai kai kayan baƙala, wato kantin unguwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, yana ta maimaita "Baba, Baba," hawaye na bin gemunsa. Wani Badamagare da ya yi aiki a ƙarƙashin Kawu ya shigo yana ɗingishi, ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya fita. Har mai gidan, wani Balarabe, ya leƙo ya tambaya ko wani shehi ne ya rasu. Ƙanen mamacin, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya ɗago kai ya ce, "Mai ban ruwa ne."

Da na gaya wa Inna yawan mutanen da suka zo, sai ta ce, "To me ya yi musu? Mu dai bai taɓa ba mu labarin komai ba sai zafin rana." Don ita nake wannan rubutu, da 'ya'yansa, da duk wanda bai san shi ba sai a matsayin tsohon da ya dawo daga Saudiyya da akwati ɗaya.

Kawu shi ne shugaban masu lambu a wata babbar unguwa mai katanga da wani kamfani ya gina a arewacin Riyad. Shi ya samo mini aikin akawu a ofishin unguwar bayan na gaji da alli da allo a gida, kuma har ya bar ƙasar bai daina kirana "Malam" ba, da wata irin murya da ke tuna mini cewa karatuna bai taɓa tsirar da ko ganye ɗaya ba. Ya fi shekara talatin a nan, amma Larabcinsa bai wuce cikin cokali ba: rabi sunayen bututu da taki, rabi na salla. Da Hausa yake yi wa shuke-shuke magana, ya ce sun koya. Ba ya taka ciyawa, ko da shi ya shuka ta. Bai taɓa riƙe tef na awo ba; da taƙi yake auna komai, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kuma na ga ranar da wani injiniya ya bi bayansa da tef yana neman kuskure, ya gama ya naɗe tef ɗinsa ya tafi ba sallama. Kekensa baƙi ne, tsoho, da tiyo naɗe a baya. A garin da ake yi wa mai tafiya a ƙasa kallon wanda motarsa ta lalace, shi a keke ya tsufa.

A shekarun da ake haƙa Riyad ta ko'ina saboda jirgin ƙasa na cikin gari, kamfaninmu ya ga ya dace shi ma ya nuna ci gaba. Aka shafa koren fenti a gefen babban titin unguwar, tun daga ƙofa har masallaci da kantuna, aka zana hoton keke a kai. A takardun talla, yara ne masu hular kwano ke wasa a wurin suna dariya. A zahiri kuwa masu bin hanyar su ne waɗanda ba su da wata: masu shara, masu gadi, masu kai kaya, da mutanen Kawu. Direbobi suka karɓi koren layin hannu bibbiyu. Nan ne inuwar katanga take, nan ake tsayawa jiran Madam, nan ake yanke kwana ido na kan waya.

A wannan kwanar aka buge Badamagaren da na ambata, yana tafe da almakashin aske shinge a bayan keke. Cinyarsa ta karye. Direban, wani Bafakistane, aka tsare shi kwanaki. Kawu ya je asibiti, wannan kowa ya zata. Abin da ba a zata ba shi ne ranar da aka saki direban, Kawu ya ɗauki dabino da shayi ya same shi a ɗakinsa, suka zauna ba mai jin yaren wani. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Wancan likita ya ɗaure masa ƙafa. Wannan wa zai ɗaure masa?"

Mudir, wato manajan unguwar, mutumin kirki ne gwargwadon yadda kujerarsa ta bari. Ya ce a kafa allon gargaɗi, ni aka ba rubutawa. Na zuba Larabci mai nahawu, na bi da Turanci, na sa aka juya mini zuwa Urdu. Ranar da aka kafa na tarar da Kawu tsaye a gabansa, hannu a baya.

Ya ce, "Malam, rubutu ya yi kyau. Wa zai karanta?"

Na ce, "Direbobi mana, Kawu."

"A garinmu ka taɓa ganin an kafa wa shanu allo a bakin gona?"

Na ce ai direbobi ba shanu ba ne, ƙanensa ma direba ne.

Ya ce, "Auta mutum ne har sai ya ja ƙofar mota ya rufe. Daga nan ya shiga garke." Sai ya ba ni darasin da ban samu a kwaleji ba. Ya ce magabatanmu ba su zagi makiyayi ba, ba su yi wa saniya wa'azi ba. Burtali suka fitar, suka dasa aguwa dama da hagu. Saniya ta bi hanyarta, gero ya girma, makiyayi da manomi suka tsaya sahu ɗaya a masallaci. "Hankalin mutum yana tafiya yana dawowa, Malam. Abu mai nauyi yana nan inda ka aje shi."

Bai fara da karya doka ba, a shaida masa wannan. Sau uku ya sa ni rubuta takarda yana roƙon a gina ɗan dakali tsakanin motoci da kekuna. Sau uku amsa ta dawo cewa ana nazari. Na fassara masa kalmar. Ya ce ya gane, irin shukar da ba ta tsirowa ce.

A jikin katangar unguwar, a kan daɓen da ke gefen titin, akwai tukwanen fure na siminti guda talatin da ɗaya, kowacce ta kai ƙugu, kowacce sai ƙarti shida su ɗaga. Kwalliya aka aje su yi. Wata safiya bayan Asuba na fito da wuri, na tarar da Kawu da mutum biyu a gindin ɗaya. Ya zura dogon ƙarfe ƙarƙashinta, suka danna, ya cusa guntayen bututu biyu, suka tura. Ya durƙusa ya auna: taƙi ɗaya. Suka zare bututun, ya saki tiyo ya wanke shatin da tukunyar ta bari, ya ba furen ruwa, suka wuce ta gaba kamar ba abin da ya faru.

Na ce, "Kawu, me ke nan?"

Ya ce, "Ban ruwa."

Ba kullum yake taɓa kowacce ba. Yau ta uku da ta tara da ta ashirin, gobe wasu, amma ba ya barin wata ta tsere wa 'yan uwanta har ido ya kama. Na karanta labarin mutanen da suka ja duwatsu suka gina abin da ake zuwa kallo daga nesa, sai dai su sarki ne ya sa su, kuma so suke a gani. Wannan tsoho yana jan nasa duwatsun ne da fatan kada kowa ya lura. Kuma ba a lura ba. Masu gidajen ba sa tafiya a ƙasa, daga cikin mota kuwa taƙi ɗaya ba komai ba ne. Masu shara sun gani, don tsintsiyarsu ta san inda kowace tukunya take jiya. Masu gadi sun gani. Mutum ya fi hamsin da suka sani, yare ya fi biyar, wata bakwai, magana ba ta kai ofis ba. Ni da ke zaune a ofishin ban san ina da irin wannan bakin ba sai lokacin.

Da tukwanen suka iso bakin daɓen, ya bar su makonni har ido ya saba. Sannan duk safiyar Juma'a, lokacin da titi ke zama fayau, a shimfiɗa katako, a gangaro da biyu ko uku, a tsallaka da su koren layin, a tsayar a kan farin zanen da ya raba shi da motoci. Ya bar tazarar da keke zai fita amma mota ba za ta shiga ba. Ya shafe su da farin fenti mai ƙyalli, ya ce ba don a mutu ya sa su ba. Aguwa ya so dasawa, babu ita a nan, sai ya cika su da furen nan mai ƙaya da Larabawa ke kira jahannamiyya. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai.

Kawu Ƙarami direban wani gida ne a unguwar, kuma shi bai ga abin dariya ba. Wata Juma'a muna cin tuwo a ɗakinsa ya aje cokali.

"Yaya, shekara talatin ba a taɓa kiranka ofis don laifi ba. Yanzu da furfura za ka jawo mana? Iƙamarka, takardar izinin zamanka, a hannun kamfanin nan take. Ta yaron nan ma haka. Rana ɗaya za su sa hannu, ka tsinci kanka a jirgi."

"Ci abincinka, Auta."

"Ba zan ci ba! Ina zan tsaya in jira Madam?"

"Inda mota ke tsayawa."

"Babu inuwa a wurin!"

"Shi mai keken da ka tura tsakiyar titi, inuwa gare shi?"

Kawu Ƙarami ya ce an mai da su dabbobi, an yi musu shinge. Kawu ya ce ai dabbar da aka yi wa shinge ita ce ake so. Wata biyu ba su yi magana ba sai musabaha a masallaci, kowa na kallon gefe. A cikin wata biyun nan ne wata rumfa ta koren raga, irin wadda ake rufe dashe da ita, ta bayyana a filin da direbobi ke jira, da benci a ƙarƙashinta. Kawu Ƙarami ya fi kowa zama a ciki. Bai tambayi wanda ya kafa ba.

Shekara guda ba a buge kowa a titin ba. Madubin mota kam an rasa da dama.

Sai wata ranar bayan La'asar, ɗan wani mai gida a unguwar ya shigo kwanar nan da babbar mota, kansa a sunkuye kan waya. Ƙarar ta kai har ofis. Da muka isa, gaban motar ya lotse, yaron ya fito ko ƙwarzane babu, tukunya ta tsage gida biyu amma ba ta faɗi ba. A bayanta, tazarar da ba ta kai tsawon mutum ba, Bangalin nan mai kai kayan baƙala ne tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a kan feda, da katan ɗin ruwa da burodi a bayan keke. Ya kasa sauka, ya kasa tafiya. Kawu ne ya zo ya riƙe masa kan keken.

Uban yaron ya zo ofis da safe, kuma ba godiya ya kawo ba. Tambayarsa ɗaya: wa ya sa siminti a kan titi? Mudir ya buɗe taswirar unguwa, tukwane suna jikin katanga. Ya duba tsofaffin hotuna, suna jikin katanga. Ya nemi takardar umarni, babu. Ya tambayi mai motar ɗaga kaya, ya rantse bai taɓa su ba. Ya tsaya a taga yana kallon titin da yake bi kullum, yana ƙirgawa da yatsa. Aka kira masu lambu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai sani ba. Ana cikin haka Kawu ya jingine kekensa, ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ya shigo ba a kira shi ba.

Ni ne tafinta. Mudir ya yi magana a hankali. Ya ce mutumin nan babba ne, kuma ba zai huce ba sai ya ga an yi wani abu. Ga hanya: Kawu ya sa hannu cewa kuskure ne, ya mayar da tukwanen jikin katanga da mutanensa cikin mako guda, a ba shi takardar gargaɗi, magana ta mutu. In ya ƙi, sai huruj niha'i, wato fita ba dawowa.

Kawu ya ce, "Gaya masa ni na kawo su, yaran nan umarnina suka bi. Kuma hannuna ba zai mayar da su ba. Yana da mota mai ɗaga kaya, in ya ga dama ya ɗauke."

Na juya ga mudir. Na tuna Inna, na tuna 'ya'yansa, na tuna cewa tsohon nan ba shi da wata sana'a a gida. Na ce da Larabcina mai kyau Kawu yana ba da haƙuri, yana neman a ba shi kwana biyu ya yi tunani.

Sai na ji hannu a gwiwata.

"Malam, na ji ban haƙuri a bakinka. Ni ban bayar ba."

Ya gyara zama, ya dubi mudir, ya kwaso ɗan Larabcin lambunsa: "Ana sawwi. Ana ma fi rajji'." Ni na yi, ba zan mayar ba. Jumla biyu, babu ɗaya da za ta ci jarrabawa a ajina, kuma ban taɓa jin magana mai tsabta kamarsu ba.

Mudir ya dubi Kawu. Ya ce, "Ya hajj, ka san abin da kake yi?" Kawu ya gyaɗa kai. Sai mudir ya tambayi abin da ke cinsa tun safe: ta yaya? Kawu ya miƙa hannu kan teburin, ya buɗe yatsu, ya matsar da kwalin tishu taƙi ɗaya, ya share wurin da gefen hannunsa, ya koma ya zauna. Mudir ya rufe fuska da tafin hannu, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Da ya gama, ya jawo takardar korar ya sa hannu, idonsa ja. Ya miƙe ya raka Kawu har bakin ƙofa, ya tsaya har ya gama sa takalmi. Ban taɓa ganin ya yi wa wani ma'aikaci haka ba.

An gaya wa uban yaron cewa an kori wanda ya yi, ya gamsu. Ɗauke tukwanen kuwa sai an rubuta buƙata, ni kuma ba a ce in rubuta ba, mudir bai tuna ba. An kori mai laifin, an bar laifin. Har wadda ta tsage an ɗaure ta da ƙarfe, tana nan a kwanarta, kuma yau da safe na bi ta gefenta.

Kawu Ƙarami ne ya kai shi filin jirgi, ina zaune a baya da akwatin. Mun yi nisa, dogayen benayen unguwar Ulaya na can bayanmu cikin ƙura, sai Kawu Ƙarami ya daki sitiyari.

"Me ka samu, Yaya? Shekara talatin! Sa hannu ɗaya ne fa. Me ka samu?"

Kawu ya ce, "Kalli hanya, Auta."

"Ina kallo! Ka ba ni amsa."

Kawu ya duba tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Mutumin nan sai an ɗauke masa wani abu daga titin kafin ya huce. Ko su, ko ni. Su talatin da ɗaya ne, kowacce sai ƙarti shida. Ni kuwa ga shi kai kaɗai ka ɗauko ni."

Kawu Ƙarami ya sa sigina, ya gangara gefen hanya, ya kashe mota, ya kifa kai a sitiyari. Yayansa ya bar shi ya gama, sannan ya ce su tafi kada jirgi ya tashi.

Allah, ga bawanka ya zo maka ba nauyi. Ka yalwata masa makwanci, ka sa shinge tsakaninsa da wuta, ka ba Inna da 'ya'yansa da ƙanensa haƙurin rashinsa. Amin.